Bizar Lesotho ta hannun wani kamfanin tafiye-tafiye a Kano: abin da suka iya da inda suka yi tuntuɓe

Ranar da na shiga ofishin kamfanin na ce ina so a shirya mana tafiya zuwa Lesotho, ni da maiɗakina, sai da mai kamfanin ya sa na maimaita sunan ƙasar, sannan ya juya ya dubi taswirar da ke manne a bango bayan kujerarsa yana bin kudancin Afirka da yatsa. Ban ga laifinsa a kan haka ba, domin aikin da ya saba shi ne na masu zuwa Umara da Dubai da Alƙahira da 'yan kasuwar da ke sarin kaya a ƙasar Sin, kuma tun a zaman farko ya gaya mini cewa bai taɓa tura kowa wannan ƙasa ba. Gaskiyar nan da ya faɗa ita ta sa na miƙa masa fasfo ɗinmu, domin kafin na zo wurinsa na shiga ofisoshi biyu inda aka yi mini alkawarin biza cikin kwana uku ba tare da an tambaye ni ko ta wace hanya zan bi ba. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, saboda a cikin abin da zan faɗa akwai babban kuskure da suka yi, wanda suka amsa suka kuma gyara, ba na kuma son rubutun nan ya zama sanadin zubar musu da mutunci a gari. Abin da nake so mai karatu ya samu shi ne ma'aunin da zai auna duk ejan da zai danƙa wa irin wannan aiki.

Duk wahalar tafiyar tana cikin taswirar nan da ya duba. Lesotho, wadda masu ita ke furtawa kamar Lisutu, ƙaramar masarauta ce mai faɗin murabba'in kilomita 30,355 da mutane miliyan biyu da 'yan kai, kuma Afirka ta Kudu ce ta kewaye ta gabas da yamma, kudu da arewa, ba ta da teku, ba ta da maƙwabciya ta biyu. A da ana kiranta Basutoland, ta sami 'yancin kai daga Birtaniya ranar 4 ga Oktoba 1966, yanzu kuma Sarki Letsie na Uku ne ke kan gadon sarauta, firaminista na riƙe da gwamnati. Tana da jami'an shige da ficenta da bizarta, amma babu yadda baƙo zai taka ƙasarta bai bi ta hannun maƙwabciyar tata ba. Ko jirgin sama mutum ya zaɓa, wanda ke sauka a filin jirgin Moshoeshoe na Ɗaya kusa da Maseru, babban birnin ƙasar, daga Johannesburg yake tasowa, kamfanin Airlink ne ke wannan jigila. Mu mota muka zaɓa daga Johannesburg, domin ganin ƙasa ne ya kai mu: tsaunukan da suka sa babu wani wuri a Lesotho da tudunsa ya gaza mita 1,000 daga doron teku, da dusar ƙanƙarar da ke sauka a kansu daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da mu a nan muke tsakiyar damina. Wanda ya zaɓi mota kuwa, da fasfon Najeriya a hannunsa, biza biyu yake buƙata, ta Lesotho da ta Afirka ta Kudu, kuma ta biyun ce mai wuyar sha'ani.

Abin da suka yi daidai ba kaɗan ba ne. Akwai wani saurayi a ofishin wanda ke zaune gaban kwamfuta, kuma kusan duk aikin a hannunsa yake. Kafin ya buɗe kowane fom sai da ya ɗauki fasfo ɗinmu ya bi su shafi-shafi. Nawa bai sami matsala ba. Na maiɗakina, mai shafi 32, hatiman Saudiyya da na wasu tafiye-tafiye sun cinye shi, saura shafi ɗaya tal da babu komai a kansa. Ya ɗaga kai ya ce, "Hajiya, wannan ba zai kai ku ba, sai an sabunta shi." Ya bayyana mana cewa Afirka ta Kudu na buƙatar a sami aƙalla shafi biyu da ba a taɓa ba, kuma bizarsu da ake mannawa ita kaɗai za ta ci shafi guda, ga hatiman shiga da fita nasu, ga na Lesotho. Ya kuma ba da shawarar kada wa'adin da ya rage wa fasfo ya gaza wata shida daga ranar tafiya, ko da ƙasar da za a je ta yarda da ƙasa da haka, domin ma'aikatan jirgin sama su ma suna dubawa tun kafin su ba mutum takardar hawa. Sabunta fasfon ya ci mana makonni, amma a Kano muka yi jiran, a gidanmu, tun ba mu biya kuɗin tikiti ba.

Haka ya yi da katin rigakafin cutar shawara, wanda mutane ke cewa yalo kad. Najeriya na cikin ƙasashen da ake ɗauka cutar na yaɗuwa a cikinsu, saboda haka wanda ya taso daga nan ba ya shiga Afirka ta Kudu sai da shaidar an yi masa allurar. Maiɗakina tana da nata tun tafiyar Hajji, ta kuma damu cewa ya tsufa, sai saurayin ya kwantar mata da hankali cewa tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shaidar ta zama ta tsawon rai, ba a sake allurar bayan shekara goma kamar yadda ake yi a da. Ni nawa ya ɓata, don haka ya tura ni wurin jami'an lafiya da ke filin jirgin Malam Aminu Kano, ya kuma ja mini kunne cewa shaidar ba ta fara aiki sai bayan kwana goma da yin allurar. Na san mutanen da ake saya wa katin nan a bakin hanya ba tare da allura ta taɓa jikinsu ba, kuma na ji daɗi da babu wanda ya yi mini tayin hakan a wannan ofishi.

Bizar Lesotho ita ce ta fi sauƙi a cikin aikin. Ƙasar ba ta da ofishin jakadanci a Najeriya da mutum zai je ya bi layi, amma a shekarar 2017 gwamnatinta ta buɗe hanyar neman biza ta intanet, kuma ta nan aka nema mana tamu. Saurayin ya ɗora shafin fasfo mai hoto, da hotonmu, da shaidar otal ɗin da muka kama a Maseru, da tsarin tikitin zuwa da dawowa, da bayanan asusun banki. Da dala ake biya, kuma a lokacin katin bankina na naira ba ya biyan komai a waje, sai kamfanin ya biya da nasa katin na ba su naira. A nan ne na ga wata ɗabi'a da ban cika gani a wurin ejan ba: sun ba ni rasit ɗin da ya fito daga shafin gwamnatin Lesotho daban, rasit ɗin ladan aikinsu daban, sun kuma rubuta farashin canjin da suka yi amfani da shi. Mafi yawan masu wannan sana'a kuɗi ɗaya suke yanka maka a dunƙule, ba ka sanin nawa ya tafi ga hukuma nawa ya zauna a aljihu. Ladan nasu bai yi mini tsada ba idan na dubi zirga-zirgar da suka ɗauke mini. Sun kuma yi dabara da suka fara neman ta Lesotho, domin takardar amincewar da ta fito ta zama hujja a cikin takardun neman bizar Afirka ta Kudu, tana nuna inda muka dosa.

Kuskuren ya fito ne a daren da za mu wayi gari mu kama hanyar Abuja, inda za mu miƙa takardun Afirka ta Kudu a cibiyar VFS Global, kamfanin da ke karɓar takardun masu neman biza a madadin ofishin jakadancin ƙasar. Bayan sallar isha'i na shimfiɗa kwafin fom ɗin a kan tabarma ina duba ko an rubuta sunayenmu yadda suke a fasfo. Maiɗakina tana gefe tana jera hotuna a cikin ambulan, sai ta leƙo ta ga wurin da ake zaɓar ko sau nawa mutum zai shiga ƙasar, an yi alama a kan sau ɗaya. Ta ce, "Malam, idan mun fita daga ƙasarsu muka shiga Lesotho, da wace biza za mu komo mu hau jirgin gida?" Na yi shiru na ɗan lokaci, domin ni ma na karanta wannan layi ban ga komai a cikinsa ba. Bizar shiga sau ɗaya tana mutuwa ne a daidai lokacin da jami'i ya buga hatimin fita, ko da saura kwana nawa a wa'adinta. Jirginmu na dawowa kuwa daga filin jirgin O. R. Tambo na Johannesburg zai tashi zuwa Addis Ababa sannan Kano. Da an bar fom ɗin haka, da mun shiga Lesotho lafiya, mun yi kwanakinmu, sannan mu zo bakin gada a ranar komawa a ce mana ba mu da izinin tsallakawa, ga tikiti a hannu yana shirin ƙonewa, ga mu a ƙasar da ba mu san kowa ba.

Na kira mai kamfanin a daren. Bai yi musu ba, bai kuma ɗora laifin a kan yaronsa ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, laifinmu ne, a yi haƙuri kada a tafi Abuja gobe." Washegari suka cike sabon fom na shiga sau biyu, suka rubuta wasiƙar da ke bayyana tafiyar rana-rana, daga sauka a Johannesburg zuwa tsallaka iyaka zuwa komowa, suka haɗa da takardar Lesotho. Ranar miƙa takardu ta matsa gaba, dole aka sauya ranar tashi, kamfanin jirgi kuma ya caji kuɗin sauyi. Mai kamfanin ya ɗauki rabin wannan kuɗi, ni na biya rabi. A ganina duka ya kamata ya ɗauka, tunda babu hannuna a kuskuren, na kuma faɗa masa haka a gaban idonsa, ko da yake ban ja maganar ba.

Na daɗe ina tunanin yadda mutanen da suka ƙirga shafukan fasfo ɗaya bayan ɗaya suka kasa ganin wannan. Abin da na fahimta shi ne sabo ne ya jawo. Wanda ya shekara goma yana tura mutane Jidda da Dubai ya saba da tafiya mai ƙofa ɗaya, a shiga a fita a dawo gida, hannunsa da kansa yake zuwa kan sau ɗaya. Sun ƙware a takarda, amma ba su zauna sun bi tafiyar a zuci daga ƙofar gidanmu har komowa ba, suna ƙirga iyaka nawa za a tsallaka da hatimi nawa za a buga. Ga tafiyar Lesotho wannan shi ne ainihin aikin da ake biyan ejan ya yi, kuma a nan ne nake rage musu maki sosai, domin fom kowane mai shagon intanet zai iya cikewa.

A filin jirgin Johannesburg katin rigakafin aka fara nema kafin a dubi biza, yadda saurayin ya faɗa. Daga nan tafiyar sa'a biyar ce ko kusa da haka a mota ta cikin gonakin lardin Free State, har garin Ladybrand, wanda daga shi sai iyaka. Direban da otal ɗinmu ya turo shi ya ɗauke mu, kuma ya gaya mana cewa wanda ya yi hayar mota zai tuƙa da kansa sai ya karɓi takardar izinin fita da ita daga kamfanin hayar, abin da ba a taɓa ambata mana a Kano ba. Gadar Maseru tana kan kogin Mohokare, wanda a ɗaya ɓangaren ake kira Caledon, kuma ba a rufe ta dare da rana. Mun isa da la'asar sakaliya, iska mai sanyi na ratsa riga kamar ba a sa komai ba, mata da maza lulluɓe da bargunan nan masu kauri da aka san Basotho, wato mutanen Lesotho, da su suna tsallakawa a ƙafa da ledojin cefane. Aka buga mana hatimin fita a ɓangaren Afirka ta Kudu, muka haye gadar, muka shiga layi a ɓangaren Lesotho.

A nan kuskurensu na biyu ya bayyana, ko da yake ƙarami ne. Sun ce mana takardar amincewar da ke cikin waya ta wadatar. Jami'ar da muka tarar ta nemi ta takarda, wayata kuma ba ta da layin ƙasar, cajinta ma ya kusa ƙarewa. Allah ya taimake mu maiɗakina ta sa an buga kwafi biyu-biyu na kowace takarda tun a Kano, ta zaro su daga jaka. Jami'ar ta karanta a natse, ta tambayi inda za mu sauka da kwanakin da za mu yi, ta kira ni Ntate, wato yadda suke girmama namiji kamar a ce Baba ko Malam, sannan ta buga hatimi. Kafin mu bar wurin na tsaya na karanta kwanakin da aka ba mu, kuma ina ba kowa shawarar ya yi haka a kowace iyaka, domin takardar intanet izinin zuwa bakin ƙofa ce, abin da jami'i ya buga a fasfo shi ne wa'adin zaman mutum.

Sai da muka je Thaba Bosiu, dutsen da ke gabas da Maseru inda Sarki Moshoeshoe na Ɗaya ya kafa zangonsa a 1824, na fahimci dalilin da ya sa akwai wannan gada da ofisoshinta biyu. Da yaƙi ya tsananta tsakaninsa da Bowa, wato Turawan da suka kafa mulki a Free State, ya nemi kariyar Birtaniya ya samu a 1868, shi ya sa da aka haɗa Tarayyar Afirka ta Kudu a 1910 ƙasar Basotho ba ta shiga ciki ba. Mutanen suna alfahari da wannan tarihi, kuma baƙon da ya ɗauki ƙasarsu a matsayin wani lardi na Afirka ta Kudu zai ga ba su ji daɗi ba.

Akwai abubuwan da na so a ce kamfanin ya bincika ya gaya mana. Kuɗin ƙasar loti ne, jam'insa maloti, darajarsa ɗaya da rand na Afirka ta Kudu, kuma rand na ci a ko'ina a Lesotho, amma loti ba ya ci da zarar an tsallaka gada, saboda haka gara mutum ya riƙe rand ya kashe canjin da aka ba shi kafin ya fita. Soket ɗinsu mai manyan ramuka uku ne zagayayyu, filoginmu ba ya shiga. Musulmi kaɗan ne a ƙasar, sai mun yi tambaya kafin mu sami naman da muka natsu da yankansa, a Maseru da kuma Butha-Buthe a kan hanyarmu ta hawa tsaunukan arewa inda muka ga dusar ƙanƙarar da ta kai mu. Waɗannan duk za a iya cewa ba aikin mai biza ba ne, na kuma yafe su.

Wanda ban yafe ba ya shafi biza kai tsaye. Da suka gyara fom, sau biyu suka nema mana, daidai buƙata ba ƙari, alhali a fom ɗin akwai zaɓin shiga sau da yawa. A otal muka haɗu da wasu baƙi da suka gayyace mu yini ɗaya zuwa garin Clarens a Free State, wasu kuma suna ba da labarin mashigar Sani, hanyar nan mai lanƙwasa da ke gangarawa daga tudun da ya haura mita 2,800 zuwa lardin KwaZulu-Natal, wadda sai mota mai jan ƙafa huɗu ke bi, kuma ofisoshin iyakarta suna rufewa da yamma. Ko ɗaya ba mu iya zuwa ba, domin duk leƙawar da mutum ya yi cikin Afirka ta Kudu, ko ta awa ɗaya ce, shiga guda ce cikakkiya, mu kuma guda ɗaya ta rage mana, ita ce ta komawa gida. Ba ni da tabbacin da an ba mu sau da yawa ɗin, tunda hukuma ce mai yanke hukunci, amma ya kamata a ce an shimfiɗa mana zaɓin mun yanke da kanmu.

Da muka dawo Kano na koma ofishin da kwafin shafukan fasfona masu hatimai shida na ƙasashen biyu, na jera su a kan teburin bi da bi yadda aka buga su. Saurayin ya ɗauki biro ya rubuta sunan kowace iyaka a gefen hatiminta, ya tambaye ni awa nawa muka yi a gada da takardun da aka nema, ya sa su a fayil. Idan wani ya tambaye ni ko ya kai musu aikinsa, zan ce ya kai, domin ba su ɓoye mini kuɗi ba, ba su yi mini takardar bogi ba, kuma da dare ya yi da matsala sun ɗaga waya. Sharaɗina shi ne ya karɓi kwafin kowane fom ya karanta da idonsa kafin a miƙa, ya tabbatar da ƙa'idojin da ke aiki a ranar da zai nema tunda ƙasashen biyu kan sauya su, ya buga komai a takarda, sannan kafin ya biya ko sisi ya sa ejan ya zauna ya ƙirga masa da baki sau nawa zai shiga Afirka ta Kudu daga ranar tashi zuwa ranar dawowa.